Tambayoyinku: mastas a injiniyancin tsarin makamashi, wai haɗa sola ne kawai?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka taru yawanci a kan kwas ɗaya suke, wato mastas a injiniyancin tsarin makamashi, sai na ga gara in tattara su wuri guda in amsa. Wasu na rage musu tsawo, masu tambaya iri ɗaya kuma na ɗauki guda ta tsaya wa sauran, a yi haƙuri.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, dafatan kana lafiya. Ni na gama digirina na farko a makanikal inaso in cigaba da mastas a tsarin makamashi, sai wani abokina yace min wai ɓata lokaci ne ai kwas ɗin haɗa sola ne kawai aka bashi babban suna, abinda zan koya a wata uku wajen masu haɗawa. Dan Allah gaskiya ne? in kuma ba haka bane to me ake karantawa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin nan naka bai taɓa buɗe jerin darussan kwas ɗin ba, da ya buɗe da bai faɗi haka ba. Haɗa sola sana'a ce mai kyau kuma mutane na rufa wa kansu asiri da ita, amma mai haɗawa damuwarsa ita ce ina zan kafa faranti, wace waya zan ja, wane inbata ne zai ɗauki lodin. Mai wannan mastas ɗin damuwarsa daban ce: in ƙasa guda ko birni ko babbar masana'anta tana buƙatar wuta da zafi da man sufuri, wace irin tasha za a gina, mai girman yaya, a ina, yaushe za a kunna ta yaushe za a kashe, kuma in ɗaya ta mutu ba zato ƙarfe biyun dare me zai riƙe sauran.

Abin da ya sa har abin ya zama fanni guda shi ne babban layin wuta ba ya ajiya. Abin da tashoshi suka samar a wannan sakan ɗin dole ya yi daidai da abin da mutane suka ja a wannan sakan ɗin. Ana gane haka ne daga bugun wutar, sau 50 a sakan a Turai da Afirka da yawancin Asiya, sau 60 a Amurka. In lodi ya fi abin da ake samarwa sai manyan janaretoci su ji nauyi su fara rage gudu, bugun ya sauka, in ya sauka da yawa na'urorin kariya su fara cire tashoshi don kar injinan su lalace, kowace ta fita kuma nauyin ya koma kan waɗanda suka rage, kafin ka ankara ko'ina ya yi duhu.

Bari in ba ka abin da ya faru a jihar Tekzas ta Amurka a Fabrairun 2021, don kusan duk mai koyar da kwas ɗin nan sai ya kawo shi a aji. An yi wani mugun sanyi, mutane suka kunna abin ɗumama gida lodi ya yi sama, a daidai lokacin kuma rijiyoyin gas da bututu suka daskare, tashoshin gas da na kwal da wasu farfelolin iska har da injin nukiliya guda ɗaya suka fita. Cikin daren 15 ga wata bugun ya faɗi ƙasa da 59.4 ya zauna can sama da minti huɗu, alhali ƙa'idar layin ita ce in ya kai minti tara a wurin to tashoshi za su fara cire kansu, wato saura minti huɗu da 'yan sakanni kenan layin jihar gaba ɗaya ya durƙushe. Masu kula da layin suka yanke wa jama'a wuta da gangan don su ceci sauran, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu kwana da kwanaki, mutum sama da 200 suka rasu. To ga inda nake so ka lura: cikin wuraren da aka yanke wa wutar har da wuraren da ke fitar da gas suna tura shi zuwa tashoshin, saboda da yawansu ba a saka su cikin jerin wuraren da ba a taɓawa ba. An yanke wuta don a tsira, yankewar ta rage gas, raguwar gas ta ƙara rage wuta. Ga shi kuma layin jihar ba shi da haɗi mai ƙarfi da na maƙwabta balle a aro. Injiniyan gas ya san rijiyarsa, na lantarki ya san layinsa, mai kasuwar wuta farashi yake kallo, kowa ya iya allonsa, amma mahaɗar da abubuwan suka gamu babu wanda ya tsaya a kai sosai. Wannan mahaɗar ita ake koya maka.

Darussan kuwa za ka tarar da ilimin zafi da yadda ake juya shi ya zama aiki, wanda kai ɗan makanikal ka riga ka sha shi, da yadda wuta ke gudana a layuka, da sola da iska da ruwa da nukiliya da gas kowanne da iyakarsa (farfelar iska misali duk iya ƙirarka ba za ta kama fiye da kashi 59 cikin ɗari na ƙarfin iskar ba, Albert Betz ya nuna haka tun fiye da shekara ɗari), da batir da sauran hanyoyin ajiya, da lissafin zaɓen tsari mafi arha, da tattalin arziki da dokokin kasuwar wuta. Kuma kar ka ɗauka duk maganar lantarki ce. Lantarki bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na makamashin da duniya ke ƙonawa a hannun masu amfani ba, kusan rabi zafi ne, na ɗumama gine-gine da narka ƙarfe da gasa siminti da sauransu, a nan kuwa ɗan makanikal ya fi ɗan lantarki sakewa. Inda za ka ɗan sha wuya shi ne ɓangaren layi, sai ka fara bita tun yanzu.

Tambaya: Salam Malam. Ni mace ce physics na karanta ba injiniyanci ba, kuma gaskiya ban iya kodin ba ko kaɗan, lissafi dai ba laifi. Zasu ɗaukeni kuwa? kuma wane irin lissafi ne ake yi har naji ana cewa yana korar mutane?

Amsa: 'Yar'uwa ana ɗaukar 'yan fizik, da 'yan kimiyyar sinadarai da 'yan lissafi ma, wasu makarantun har masu tattalin arziki suna ɗauka in lissafinsu ya yi ƙarfi. Sai dai kowace jami'a da nata sharaɗin, na Jamus da Holan musamman ba sunan digiri suke kallo ba, takardar sakamakonki za su bi darasi bayan darasi su ƙirga nawa kika yi na lissafi nawa na ilimin zafi nawa na lantarki, in wani ya gaza ko su ce ki cike shi ko su ce a'a. Saboda haka ki nemi bayanin abin da aka koyar a kowane darasi daga sashenku tun da wuri ki ajiye, ana tambayarsa. Abu ɗaya kuma ki sani, wannan mastas ɗin ba lallai ya ba ki rajistar injiniya ba, a ƙasashe da yawa hukumar rajista digirin farko take dubawa, in kina da burin wannan rajistar to ki tambayi hukumar ƙasar da za ki yi aiki kafin ki biya ko sisi.

Lissafin kuwa bari in nuna miki shi ido da ido, ya fi a yi ta ba ki tsoro da sunaye. A ce masana'anta ce tana jan kilowat 200 dare da rana ba tsayawa. Shekara awa 8,760 ce, kenan tana shan megawat-awa 1,752 a shekara. Sai aka ce a kafa mata sola megawat 1. Sola ba ta ba da cikakken ƙarfinta sai 'yan awannin tsakar rana, in aka baje a shekara a wuri mai rana sosai takan ba da wajen kashi 20 zuwa 25 na abin da za ta bayar da a ce ba ta hutawa, a arewacin Turai ma da kyar take wuce kashi 10 zuwa 11. Mu ɗauki kashi 20. Ki buga 8,760 sau 0.2, me kika samu? 1,752. Daidai wa daida, wanda bai sani ba sai ya rufe littafi ya ce an gama.

Ba a gama komai ba. Tsakar rana solar tana iya zubo kusan ninki huɗu ko biyar na abin da masana'antar ke buƙata, da daddare kuma ko ɗigo babu. To a kawo batir. Daga faɗuwar rana zuwa ta sake yin ƙarfi a ce awa 15, sau kilowat 200, megawat-awa 3 kenan kowane dare, kuma batirin lithium duk abin da kika zuba masa sai ya cinye wajen kashi 10 zuwa 15 kafin ya dawo miki da shi, kenan solar da ta yi daidai ɗazu yanzu ta gaza. Sai a yi hadari kwana uku a jere, za ki ninka batirin sau uku ne saboda 'yan kwanakin da ba su fi a ƙirga ba a shekara, ko ki ƙara faranti ki yarda wutar rana ta riƙa zubewa a banza, ko ki ajiye janareta na ko-ta-kwana, ko ki roƙi masana'antar ta mai da wani aikin nata zuwa rana? Kowane zaɓi da kuɗinsa, kuma kuɗin ma ba iri ɗaya ba ne, sola da batir kusan duk kuɗinsu ranar farko ake biya, janareta kuwa arha wajen saye tsada wajen ciyarwa, shi ya sa tsadar bashin da aka gina abin da shi kaɗai tana iya juya amsar gaba ɗaya. Babu mai yin wannan da biro. Za ki rubuta wa kwamfuta abin da ake so a rage, wato jimillar kuɗi, da sharuɗɗan da ba a tsallakewa, wato kowace awa cikin 8,760 ɗin nan wuta ta ishi lodi kuma batir kar ya ba da abin da ba shi da shi, ita kuma ta nemo miki haɗin da ya fi. Tushen wannan lissafin tsoho ne, tun 1947 George Dantzig ya fito da hanyar warware irinsa.

Kin ga ba wani aljani a ciki. Matiriks ne da kalkulas da lissafin yiwuwar abu, duk kin yi su a fizik. Kodin ɗin ne dai ba gudu ba ja da baya sai kin koya, kuma shawarata kar ki bari sai kin shiga aji, don a can za ki haɗa koyon yaren kwamfuta da koyon darasin a lokaci guda, abin da ke jigata mutane kenan ba lissafin ba. Ki fara da Python, kyauta ne, in kin ɗan zauna da shi ki sauke PyPSA, manhajar lissafin tsarin wuta da ke aiki da Python, shi ma kyauta, ki gina wannan misalin na masana'anta da hannunki. In kin yi haka kin ma samu abin rubutawa a takardar neman gurbi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ne ya kammala injiniyancin lantarki, ya matsa sai ya tafi wannan karatu, ni kuma ina ganin gara ya kama aiki tukuna tunda ya samu. Shin akwai aikin yi bayan karatun, ko dai tara takardu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Aiki akwai. Masu wannan karatun suna shiga kamfanonin da ke kula da babban layi da masu rarraba wuta, da masu gina tashoshin sola da iska, da kamfanonin ba da shawara, da hukumomin da ke tsara farashin wuta, da bankunan da ke ba da bashin gina tashoshi don su ma suna buƙatar wanda zai duba musu ko lissafin mai neman bashi gaskiya ne. Akwai kuma irin su Bankin Duniya, da hukumar makamashi ta duniya IEA da ke Paris wadda aka kafa a 1974 bayan rikicin man fetur na 1973, da IRENA, hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya da ke Abu Dhabi, sai dai waɗannan ƙofarsu ƙunci gare ta, kar yaro ya ɗora burinsa duka a kansu.

Amma ranka ya daɗe ni a nan ina bayanka, ko da yaron ba zai ji daɗi ba. Kwas ɗin nan yana da illa guda da masu tallarsa ba sa faɗi: faɗi gare shi. Mutum zai taɓa iska ya taɓa nukiliya ya taɓa doka ya taɓa kasuwa, in bai yi hankali ba ya fito kamar ruwan da ya malale a fili, ko'ina ya jiƙa amma ko idon sawu bai rufe ba. Mai ɗaukar aiki kuwa ba ya neman wanda ya san komai kaɗan-kaɗan, tambayar da zai yi ita ce me za ka iya yi min ran Litinin da safe, za ka iya buɗe manhajar nazarin layin wuta irin PowerFactory ko PSS/E ka duba min ko layin nan zai ɗauki sabuwar tasha, za ka iya gina lissafin kuɗin aiki na shekara 25? Wanda ya yi shekara biyu yana aiki kafin ya tafi ya riga ya ga tiransifoma ta ƙone ya ga yadda ake rigima kan mita, ya san tambayar da ta kai shi aji, shi ne yake zaɓen darussa da hankali ya fito da zurfi a wuri guda. Ƙari a kan haka manyan tallafin karatu da dama, irin Chevening na Birtaniya da na DAAD na Jamus da aka ware wa ƙasashe masu tasowa, sharaɗinsu ne ma sai mutum ya yi aikin shekara biyu. Saboda haka a bar shi ya kama aikin, amma a yi masa alkawari na gaskiya cewa ba an binne maganar ba ne, kuma ya riƙe lantarkinsa da kyau, shi ne jarinsa.

Tambaya: Injiniya wace ƙasa tafi dacewa? naga wasu shekara ɗaya wasu biyu, wasu MSc wasu MEng, kaina ya ɗaure wallahi.

Amsa: Ƙanina kwantar da hankalinka. A Birtaniya yawanci wata 12 ne, darussa a jere ba numfashi sannan firojet na wajen wata uku da bazara, ya dace da wanda ya san abin da ya je nema kuma ba ya so ya daɗe ba albashi. A Jamus da Holan da Suwidin da Denmak da Suwizalan yawanci shekara biyu ne, zangon ƙarshe gaba ɗaya na bincike ne wajen wata shida, sau da yawa ma a cikin kamfani ake yinsa, wanda ya canza fanni wannan ya fi masa don yana da lokacin cike giɓi. A Amurka MEng galibi na masu komawa aiki ne, darussa da firojet ba dogon bincike, jami'ar Mishigan misali tana da shi da wannan sunan na tsarin makamashi, MS mai bincike kuma shi ne hanyar mai son wucewa digiri na uku. Amma fa harufan nan ma'anarsu na canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, a Birtaniya MEng digiri ne na shekara huɗu da ake shiga tun daga sakandare, kar ka ruɗe.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi, kowace ƙasa abin da take fama da shi take koyarwa da kyau. Denmak wajen rabin wutarta ko fiye daga iska take, shi ya sa jami'arta ta fasaha DTU ta yi suna a iska. Faransa kusan kashi biyu cikin uku na wutarta nukiliya ne. Nowe kusan duka ruwa. Jami'ar KTH a Suwidin an san su da lissafin tsara makamashin ƙasa gaba ɗaya, jami'ar Oldenburg a Jamus tun 1987 take da kwas na makamashi mai sabuntawa da ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna zuwa, ga Delft a Holan, ga Imperial a Landan, ga ETH a Zurik. Ban jero su don in ce su kaɗai ba ne.

Yadda ni nake auna kwas, ba na kallon hoton farfela da suka saka a gaba. Jerin darussa nake buɗewa in ga nawa ne na dole masu lissafi da kwamfuta, nawa ne na zama a yi ta hira kan makomar duniya. Sannan in nemi sunayen binciken da ɗaliban bara suka yi, in na ga duk sharhi ne a kan abin da wasu suka rubuta babu wanda ya taɓa data ta gaske sai in wuce. Maganar kuɗi kuma, yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan na zango, amma jihar Baden-Württemberg a 2017 ta fara karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, Nowe ma da aka sani da kyauta ta fara karɓa a 2023, kuma ko ina ne sai ka nuna kuɗin zama kafin a ba ka biza. Ka duba shafin jami'ar na bana, kar ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce.

Tambaya: Malam bani da halin biya, ya ake samun sikolashif? akwai wani ejan da yace in bashi kuɗi zai nemo min.

Amsa: Kar ka ba shi. Chevening da DAAD da Commonwealth da Fulbright da Erasmus Mundus duk da kanka kake nema a shafinsu, kuma ba a sayen gurbinsu, mai ce maka yana da hanya a ciki kuɗinka kawai yake so. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai ne, za ka yi karatun a ƙasashe aƙalla biyu kuma akwai kwasa-kwasan makamashi a ciki. Chevening mastas na shekara ɗaya ne da sharaɗin ka koma ƙasarka shekara biyu bayan ka gama. Yawancinsu kusan shekara guda kafin a fara karatu suke rufewa, wanda ya farka wata uku kafin lokaci ya makara sai baɗi. Jarrabawar Turanci ta IELTS galibi 6.5 ake nema, wasu 7, sakamakon kuma shekara biyu yake yi ya mutu, kar ka yi ta da wuri sosai.

Takardar bayanin kai ita ce inda mutane ke zubar da damarsu. Kowa sai ya fara da cewa tun yana yaro yake son makamashi kuma sauyin yanayi na barazana ga duniya, mai karantawa ya ga irinta ɗari kafin taka, idonsa wucewa kawai yake. Ka kawo matsala guda da ka gani da idonka a wurin aiki ko a firojet ɗinka, ka faɗi me ka auna, me ka gwada, ina iliminka ya tsaya, sannan ka ambaci darasi ko malamin da ke wannan jami'ar da zai cike maka wurin. Masu rubuta maka shaida kuma ka ba su lokaci, ka tura musu abin da ka rubuta don maganarku ta zo ɗaya.

Tambaya: Zan iya tsallake mastas in wuce digirin digirgir kai tsaye?

Amsa: A Amurka ana yi, daga digirin farko ka shiga, wajen shekara biyar, kuma galibi ana biyanka kana taya malami bincike ko koyarwa. A yawancin Turai sai da mastas, amma a Holan da Suwidin da Denmak da Nowe ɗan digiri na uku ma'aikaci ne da albashi, tallar gurbin ake yi kamar kowane aiki. Tambayata gare ka ita ce me kake so da shi. In bincike ko koyarwa ne to bismillah, ka zaɓi sufabaiza kafin ka zaɓi jami'a, ka kuma tambayi ɗalibansa a gefe yadda zama da shi yake. In aikin kamfani kake so mastas ya ishe ka.

Tambaya: Barka Injiniya. Ni shekara tara ina aiki a harkar mai da gas, ina sha'awar kwas ɗin amma ina tsoron kar inje a riƙa min kallon mai laifi, kuma bazan iya barin aiki ba ga iyali. Ya kake gani?

Amsa: Barka dai Yallaɓai. Ba wanda zai yi maka wannan kallon a ajin da ake lissafi da gaske, don alƙaluman ba sa ɓoyuwa, har yau wajen kashi 80 cikin ɗari na makamashin duniya daga mai da gas da kwal yake. Gaskiya ne farashin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 tsakanin 2010 da 2020 kuma shi ya canza wasan, amma da rana ta faɗi lodi ya tashi sai an samu abin da zai hau da sauri ya cike, a wurare da yawa tashar gas ce ke yin wannan aikin, ita kuma ta zamani mai sake amfani da zafin hayaƙinta tana kai wajen kashi 60 na amfanin mai, tsohuwar tashar kwal kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ka iya ma ana nemansa a sabbin fannonin: haƙa rijiyar zafin ƙarƙashin ƙasa haƙa ce irin taku, kafa farfela a teku 'yan dandamalin mai ne suka fi sanin teku, tura iskar kabon ƙarƙashin ƙasa kuma tun 1996 ake yinsa a filin Sleipner na Nowe, haidurojin ɗin da ake ta magana ma yawancinsa yau daga gas ake yinsa. Za ka tarar yaran ajin sun fi ka saurin kodin, kai kuma ka fi su sanin abin da ke faruwa in bawul ya maƙale.

Tunda ba za ka bar aiki ba ka nemi na intanet ko na ɗan lokaci-lokaci, akwai su a jami'o'i masu mutunci, yawanci shekara biyu zuwa uku. Ka tabbatar takardar da za a ba ka iri ɗaya ce da ta 'yan aji, kuma za a ba ka lasisin manhajojin a kwamfutarka, don wasunsu tsadarsu ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka ware awa 12 zuwa 15 a sati ka faɗa wa iyali tun farko. In kuma kana so ka yi bincikenka na ƙarshe da datar kamfaninku, wanda shi ne zai fi maka amfani, to ka karɓi izini a rubuce kafin ka fara, ka kuma tambayi jami'ar ko tana yarda a rufe binciken kar a saka shi a laburare, don wasu suna yarda wasu ba sa yi.